Kafin Ka Yi Musayar Motarka Don Gudun Shan Mai: Jagorar Lissafi Mataki-Mataki

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na karɓar mulki, lissafin riƙe mota ya canza a Nijeriya. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a garuruwa da dama. Daga nan masu manyan motoci suka fara sintiri wurin dillalai da buƙata iri ɗaya: a karɓi tasu, a ba su ƙarama marar shan mai, su yi ciko. Duk wanda ya daɗe a harkar saye da sayar da motoci ya san kurakurai uku da ake maimaitawa a irin wannan ciniki. Mai mota bai san ainihin abin da motarsa ke sha ba, sai dai ya ce tana zuƙar mai. Yana karɓar maganar dillali kan wadda zai saya ba tare da gwaji ba. Sannan ciko kaɗai yake ƙirgawa, ya manta da la'ada da takardu da gyaran farko. Abin da wannan jagora ke son tabbatarwa shi ne, musaya tana biyan kanta ne idan abu biyu suka haɗu: tafiya mai yawa a kowane wata, da tazara mai faɗi tsakanin shan man motocin biyu. Idan ɗaya ya faɗi, mutum zai fitar da miliyoyi don ya tsira da dubbai.

Abubuwan da za ka tanada

1. Littafi da biro da za su zauna cikin motar, domin ƙwaƙwalwa takan tuna ranar da aka sha wuya a gidan mai ta manta sauran ranakun.
2. Kalkuletar waya.
3. Mitar da ke ƙirga tafiya a gaban direba, mai aiki. Idan ta mutu, manhajar taswira ta waya za ta wadatar.
4. Ma'aunin iskar taya naka na kanka.
5. Bakanike wanda ka amince da shi, mai na'urar da ake jona wa ƙwaƙwalwar mota, wanda kuma ba shi da rabo a cinikin.
6. Takardun motarka duka, har da na kwastam.
7. Mako uku zuwa huɗu na haƙuri. Wannan shi ne mafi wuyar samu, shi ne kuma ya fi tsare aljihu.

Mataki na 1: Auna abin da motarka ke sha

Yawancinmu da Naira muke sayen mai: a zuba na dubu goma, a zuba na dubu ashirin. Wannan al'ada ita ke ɓoye gaskiya, domin idan farashi ya tashi litocin da ke shiga tanki suna raguwa, mai mota kuma ya ɗora wa motar laifi. Allurar mai ma ba abin dogaro ba ce, takan daɗe a sama sannan ta gangaro da sauri, saboda surar tanki ba ɗaya ba ce daga sama zuwa ƙasa. Ga hanyar da ba ta ƙarya. Je gidan man da ka yarda da litarsa, a cika tanki har bakin famfon ya tsaya da kansa a karon farko, kada a girgiza mota don a ƙara. Mayar da ƙaramar mitar tafiya sifiri, ko ka rubuta lambar da babbar ke nunawa. Ci gaba da harkokinka yadda ka saba, da esi idan kana kunnawa, da kai yara makaranta, da cunkoson da kake shiga kullum. Idan mai ya sauka ƙasa da rabi, koma gidan man nan, famfon nan, a sake cikawa kamar farko. Litocin da suka shiga a karo na biyu su ne motar ta ƙona. Raba su da kilomitocin da ka yi, ka ninka da 100. Idan lita 42 ta shiga bayan kilomita 300, motarka tana shan lita 14 a kowace kilomita 100. Maimaita sau uku ka ɗauki matsakaici, domin mako guda mai yawan cunkoso zai iya karkatar da sakamako.

Akwai tarko guda da ke kama mutane da yawa a nan. Motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Wanda mitarsa ta nuna 300 a mil, kusan kilomita 483 ya yi, shan motarsa kuma bai kai lita 9 ba. Da bai lura ba, da ya sayar da mota mai tattali yana zaginta. Kada kuma ka yi wannan gwaji da man 'yan bumburutu, domin galan ɗinsu ba ma'auni ba ne.

Mataki na 2: San yawan tafiyarka da irinta

Wannan lamba ita ce ginshiƙin hukuncin gaba ɗaya, amma ita aka fi yi wa ƙiyasi. Ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo, ya leƙa kasuwa, ya kai iyali unguwa a ƙarshen mako, da wuya ya wuce kilomita 1,000 a wata, ko da yake shi gani yake kullum yana kan hanya. Abin da ke ruɗarsa shi ne sa'o'in da yake ɓatawa a cunkoso, alhali nisan kaɗan ne. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna sau biyu a mako, ko direban da ke ɗaukar fasinja, shi ne zai iya kaiwa kilomita 4,000 ko fiye. Dubi littafinka na makonnin gwaji, ka ƙiyasta tafiyar shekara da shi, ka haɗa da tafiye-tafiyen Sallah da biki da gaisuwar da kakan yi a shekara, ka raba gida 12. Rubuta kuma kashi nawa ne na cikin gari, kashi nawa ne na babbar hanya. Dalilin wannan rabon shi ne, babbar mota ta fi nuna halinta a tashi-tsaya na cikin gari, inda kowane tashi ke buƙatar jan nauyinta daga tsaye. A doguwar hanya mai kyau, da gudu matsakaici, tazarar da ke tsakaninta da ƙarama takan ragu.

Mataki na 3: Gyara taka kafin ka yanke mata hukunci

Mota da yawa da ake kaiwa musaya saboda shan mai, rashin lafiya ke damunsu, kuma maganin bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na cikon da za a biya ba. Fara da abin da ya zama ruwan dare a garejinmu: cire tamostat. Wannan ɗan bawul ne da ke tsare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama. Makanikai da yawa suna cire shi, su jona fanka kai tsaye, da hujjar cewa ƙasarmu akwai zafi. Sakamakon shi ne inji yana jinkirin kaiwa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, ƙwaƙwalwar mota kuma ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai. Abu na biyu shi ne sensar da ke jikin salansa, wadda ke shinshinar hayaƙi tana gaya wa ƙwaƙwalwa ko mai ya yi yawa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce gyara babbar matsala irin mutuwar wannan sensa na iya inganta tattalin mai da abin da ya kai kashi 40 cikin 100. Saboda haka fitilar gargaɗin inji da ke kunne a gaban direba, wadda wasu ke liƙe wa baƙin tef don kada ta dame su, wataƙila ita ce ke faɗin dalilin tsadar man. A jona na'ura a karanta abin da take cewa. Bayan haka a duba fulogi, a wanke nozul, a ɗaga kowace ƙafa a juya taya da hannu don a ga ko birki yana riƙewa, a kuma yi saitin ƙafa.

Iskar taya a auna ta da safe kafin a yi tafiya, a bi lambar da kamfani ya manna a jikin ƙofar direba. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, cika ta har can a zafin watan Afrilu haɗari ne. Sauke tarkacen da ke kwance a but, ka cire karagar saman mota idan ba ka amfani da ita, domin tana tare iska. Sai halin tuƙi, wanda ya fi dukkan waɗannan tasiri. Ma'aikatar da aka ambata ta ƙiyasta cewa fisgar mota da taka birki da ƙarfi na rage tattalin mai da kashi 10 zuwa 40 a cunkoso, barin inji yana aiki a tsaye kuma na ƙona kimanin lita 1 zuwa 2 a sa'a, gwargwadon girman inji da kunna esi. Direban da bai sauya ƙafarsa ba, da halinsa zai shiga sabuwar motar. Bayan gyara, sake gwajin mataki na 1. Sabuwar lambar ce za ka yi lissafi da ita. Idan motar ta sauko daga lita 14 zuwa 12, ka riga ka samu wani kaso na abin da kake nema ba tare da ka rabu da ita ba.

Mataki na 4: Gano ainihin shan wadda kake so

Dillali zai ce maka wannan ƙanshin mai kawai take ji. Ba lallai ƙarya yake yi da gangan ba, shi ma bai taɓa aunawa ba. Akwai alƙaluman hukuma da za su ba ka mafari. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, Toyota Corolla ta 2005 mai injin 1.8 tana shan kimanin lita 8 a kilomita 100, Toyota Sienna ta wannan shekara mai fulogi shida kuma kimanin lita 12. Amma waɗannan lambobi na lokacin da motocin ke sababbi ne, a kan titi mai kyau. Motar da ta shekara ashirin, ta bi hannu uku ko huɗu, za ta sha fiye da haka, musamman da esi a kunne. Don haka ka nemi mutum biyu ko uku da ke hawan irinta a garinku, ka tambaye su lita nawa ke kai su wani wuri da ka san nisansa. Idan mai sayarwa zai yarda a cika tanki a yi tafiya mai ɗan nisa a sake cikawa, kuɗin man nan ba asara ba ne.

Wajen kwatanta motoci biyu, riƙe ma'aunin lita nawa a kilomita 100, domin ɗaya ma'aunin, wato kilomita nawa lita ɗaya ke kaiwa, yana yaudarar ido. Wanda ya bar mota mai yin kilomita 6 da lita ya koma mai yin 8, ya rage lita 4.2 a kowace kilomita 100. Wanda ya bar mai yin 12 ya koma mai yin 16, ko da yake a ido kamar ya fi cin riba, lita 2.1 kacal ya rage. Wasu masana biyu na Jami'ar Duke ta Amurka, Richard Larrick da Jack Soll, sun nuna a 2008 cewa yawancin mutane suna faɗawa wannan ruɗu. Darasin a fili yake: riba tana wajen rabuwa da mota mai tsananin sha. Mai Camry mai fulogi huɗu da ke son komawa Corolla, abin da zai rage bai taka kara ya karya ba.

Mataki na 5: Haɗa kuɗin musayar gaba ɗaya

Ciko shi ne abin da ido ke gani, amma yana da 'yan rakiya. Akwai la'adar dillali, wani lokaci ta ɓangare biyu. Akwai canjin mallaka, da lamba, da sabunta takardu, da inshora, wadda ko mafi ƙaranci ta motar gida an ɗaga ta daga Naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. Akwai gyaran farko da babu motar hannu da ba ta buƙata: baƙin mai da filta, man giya, batir, taya, shokazoba, gas ɗin esi. Sai kuma asarar da ba a rubutawa a ko'ina, wato karyar da dillali ya yi wa taka. Shi ɗan kasuwa ne, dole ya saya ƙasa da yadda zai sayar, ya kuma ware kuɗin zaman da za ta yi a filinsa. A lokacin da kowa ke gudun manyan motoci, farashinsu yana faɗuwa, na ƙanana yana tashi, sai ka zama ka sayar da araha ka saya da tsada a rana ɗaya. Ga kuma faɗuwar Naira tun bayan da aka saki farashin canji a Yunin 2023, wadda ta ɗaga kuɗin duk motar da aka shigo da ita da kuɗin fitonta a kwastam.

Ga misali na lissafi kawai, kowa ya sa nasa alƙaluman. An yi wa motarka kuɗi Naira miliyan 5, alhali da kai ka nemi mai saye da ka samu miliyan 5.5. Wadda kake so miliyan 8 ce, ciko ya zama miliyan 3. La'ada 150,000, takardu 100,000, gyaran farko 350,000. Abin da zai fita daga aljihunka Naira miliyan 3.6 ke nan. Daga ciki miliyan 2.5 ya koma jikin sabuwar motar, miliyan 1.1 kuwa, wato 600,000 na hidima da 500,000 na karya, ya tafi ba dawowa.

Mataki na 6: Raba, ka ga wata nawa za ta biya kanta

Cire shan sabuwa daga shan tsohuwa, ka ninka da tafiyarka ta wata, ka raba da 100, ka ninka da farashin lita. Ɗauki tsohuwa lita 14, sabuwa lita 9, lita kuma Naira 900. Bambancin lita 5 ne. Ma'aikacin da ke yin kilomita 1,000 a wata zai rage lita 50, wato Naira 45,000. Raba miliyan 3.6 da wannan, sai ka samu wata 80, shekara shida da wata takwas, kafin musayar ta mayar da abin da ta ci. Motar hannu kuwa kafin lokacin ta nemi inji ko giya. Mai yin kilomita 4,000 zai rage lita 200, wato Naira 180,000 a wata, kuɗinsa ya dawo cikin wata 20. Mota iri ɗaya, ciko iri ɗaya, amma ga ɗaya ciniki ne mai ma'ana, ga ɗayan kuma garin neman gira ne za a rasa ido. A ganina, idan amsar ta fito ƙasa da shekara biyu, a yi musaya. Tsakanin biyu da huɗu, sai idan akwai wani dalili na daban da ke goyon baya. Sama da huɗu, a riƙe wadda ake da ita.

Wani zai ce ai ciko bai ɓace ba, yana jikin mota, kuma a 'yan shekarun nan motoci tashi suke yi. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa aka raba kuɗin gida biyu a sama. To amma ko an yafe miliyan 2.5 ɗin gaba ɗaya, miliyan 1.1 da ya tafi zai ɗauki ma'aikacin nan sama da wata 24 kafin ya dawo. Tashin farashin mota kuma faɗuwar Naira ce ta jawo shi, a lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024, kuma tsohuwar motarka ma da ta ci rabonta na wannan tashin. Sannan kuɗin da aka kulle a jikin ƙarfe kuɗi ne da aka hana shi juyawa a shago ko a gona. Wani kuma zai ce idan mai ya ƙara tsada fa? Sai a sake lissafin. Ko lita ta kai Naira 1,500, ma'aikacin zai rage 75,000 ne a wata, ya jira wata 48. Farashin kuma ba hawa kaɗai yake yi ba, ya ɗan sauko a 2025 bayan matatar Dangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. Akwai kuma mai cewa shi ba ruwansa da lissafin shekaru, abin da ke fita kullum ne ke ƙona masa rai. Amsarsa ita ce miliyan 3.6 ɗin da zai bayar zai saya masa lita 4,000, man da zai ishi tsohuwar motar tasa sama da shekara biyu. Mafi muni shi ne cin bashi don yin ciko. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ɗorawa. Bashin miliyan 3.6 a kan kashi 30 yana haifar da ruwan Naira 90,000 a wata, ninki biyu na abin da aka rage a mai, ban da abin da addini ya ce a kan riba.

Hujja ɗaya ce ke da nauyi na gaske: idan tsohuwar motar ta riga ta zama 'yar gareji, injinta yana shan baƙin mai yana hayaƙi, ko giyarta na daf da mutuwa. A nan kuɗin babban gyaran da ka kuɓuce wa sai a cire shi daga kuɗin musaya, lissafi kuma ya iya juyawa. Haka ma idan kayan gyaranta suna da tsada da wuyar samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, na wadda kake so kuma suna ko'ina. Amma ka dubi ɗaya gefen: mai iyali takwas da ya koma ƙaramar mota zai yi mata lodin da ya fi ƙarfinta ko ya yi sawu biyu, ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa kuma ba ta jure hanyar ƙauye da damina.

Mataki na 7: Auna sauran hanyoyi da wannan ma'auni

Kafin ka sa hannu, gwada wasu mafita da lissafi iri ɗaya. Mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta kafa shiri a kanta a 2023, yana rage kuɗin tafiya sosai ga mai yawan zirga-zirga, da sharaɗin akwai wurin cikawa kusa da shi. Idan sai ka yi doguwar tafiya ko dogon layi kafin ka samu, ribar ta tafi a hanya. Tukunyar gas ɗin tana cinye but, tana kuma ɗaukar matsin da ya kai bar 200, saboda haka a je a haɗa ta a wurin da hukuma ta amince da shi kaɗai. Tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa ba ta ɗaukar wannan matsi, kuma an samu fashewar irin wannan a wani gidan gas a Benin a Oktoban 2024. Mota mai haɗa batir da fetur, irin Toyota Prius, tana da tattali ƙwarai a cunkoso, amma a tsohuwa lafiyar babban batirinta ce komai, a fara tambayar kuɗin canza shi da wanda ya iya aikin a garinku. Ga mai tafiyar cikin gari kuwa, haɗa aike uku a fita ɗaya, ko karɓa-karɓar kai yara makaranta da maƙwabta, yana rage kilomitoci ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Mataki na 8: Idan lissafi ya ce a yi, a yi da tsari

Raba cinikin gida biyu. Nemi farashin taka daga wurare uku, ka kuma gwada sayar da ita da kanka, sannan ka yi cinikin wadda za ka saya kamar mai kuɗi a hannu. Idan aka haɗa su a zance ɗaya, abin da aka ƙara maka a nan za a zare shi a can. Je duba motar da sassafe kafin a tayar da ita, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ƙara da hayaƙi. Bakanikenka ya jona na'ura, ya duba ko tamostat na nan, ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko an yanke matatar hayaƙin salansa, wadda makanikai ke kira indomi. Murɗa makulli ka tabbata fitilar gargaɗin inji ta kama sannan ta mutu bayan an tayar, domin akan cire ƙwanta. Ɗaga kafet ka shinshina, motar da ruwa ya taɓa shanyewa tana barin tsatsa da wari. Gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke cikin takardu, ka kuma tantance takardar kwastam a ofishinsu, musamman da yake an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017. Motar da aka ƙwace a hanya saboda takardun bogi ta cinye tattalin shekaru a yini ɗaya. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin mallaka na motocin biyu nan take, don kada laifin wani ya biyo sunanka. Kai ma ka faɗi aibin taka ga mai karɓa, domin ɓoye aibi a ciniki ha'inci ne.

Saboda haka, mai karatu, kada ka nufi filin dillalai sai da lambobi huɗu a rubuce: abin da taka ke sha bayan gyara, abin da waccan ke sha a gaskiya, tafiyarka ta wata, da jimillar kuɗin musaya. Direban haya da ɗan kasuwa mai doguwar hanya da ke jan mota mai fulogi shida ko takwas, sau da yawa lissafi zai ba su gaskiya. Mai zuwa ofis ya dawo, wanda motarsa ke da lafiya, ya gyara abin da ya lalace, ya sassauta ƙafa, ya bar kuɗinsa a inda suke da amfani.